Yadda za ka daina leƙen imel kowane minti: zama uku a rana, da ƙofa ɗaya ta gaggawa

Ka ɗauki akawun wata ƙungiya a nan Damagaram, ranar 28 ga wata, yana haɗa lissafin da za a aika Yamai. Ya kai layi na 40 a teburin Excel sai wayar da ke gefen kwamfuta ta yi haske. Ya ɗauka, ya ja allo ƙasa da babban yatsa, ƴar da'irar nan ta juya ta juya, saƙo ya faɗo: gayyatar wani taro ne da ba ma a ƙasar nan za a yi ba. Ya ajiye waya. Da ya dawo kan tebur sai ya tsaya yana lalube, rasiɗin man mota ya shigar ne ko bai shigar ba? Dole ya koma layi na 35 ya biyo. Bayan minti bakwai wayar ba ta yi haske ba, ba ta yi ƙara ba, amma hannunsa ya sake kai mata.

Leƙen na biyun shi ne ciwon. Na farko waya ce ta kira shi, na biyu shi ya kira kansa. Shi ya sa kashe ƙararrawa kaɗai ba ya magani, ko da yake yana cikin maganin.

Abu biyu ne ke jan hannun. Na ɗaya rashin tabbas. Tun wajen shekarun 1950 masanin halayyar nan na Amurka, B. F. Skinner, ya nuna cewa tattabarar da ake ba hatsi ba bisa tsari ba, wani saran ta samu wani saran ta rasa, ta fi nacewa da saran maɓalli a kan wadda ke samu kowane lokaci. Akwatin imel haka yake: leƙe tara shirme, na goma labarin an amince da kuɗin aiki. Wannan na goman shi ke biyan sauran taran. Na biyu tsoro ne, kuma a ma'aikatunmu shi ya fi ƙarfi: kada darakta ya aiko daga Yamai a ce ba ka gani ba, kada wa'adin wata takarda ya wuce kana zaune. Duk tsarin da bai kashe wannan tsoron ba, kwana uku ne ya rushe.

Asarar kuwa ana iya ƙirga ta. Wani bincike da Thomas Jackson da abokan aikinsa suka yi a jami'ar Loughborough ta Ingila a farkon shekarun 2000 ya gano cewa ma'aikaci kan ɗauki kimanin daƙiƙa 64 kafin ya koma saurin aikinsa bayan imel ya katse shi. In kana leƙawa kowane minti 10 a yinin awa 8, sau 48 ke nan, wato wajen minti 51 na neman inda ka tsaya kawai, ban da lokacin karatun saƙon. Kuma aikin da ke son a riƙe abubuwa da yawa a kai, kamar lissafi, rubuta rahoto ko gyaran takardun ɗalibai, ya fi jin jiki, don wani ɓangare na hankali yakan maƙale a kan saƙon da aka karanta ba a amsa ba.

Fara da ƙirga

Kwana biyu na farko kada ka canza komai. Ka ajiye ƴar takarda kusa da kwamfuta, duk buɗewar da ka yi wa imel, a waya ko a kwamfuta, ka ja kara ɗaya. In ƙara ce ta kira ka, ka bar karan haka. In kai ka kai kanka, ka kewaye shi. Yawan karan da aka kewaye shi zai gaya maka ko matsalarka ta saitin waya ce ko ta sabo.

Sai ƙirga ta biyu, wadda ta fi amfani. Ka buɗe saƙonnin mako biyu da suka wuce, ka bi su ɗaya bayan ɗaya da tambaya guda: da wannan ya jira awa uku ban gani ba, me zai lalace? Ba wanda zai ji haushi ake nema ba, abin da zai lalace: kuɗi, wa'adi, motar da za ta tashi, mara lafiya. Ka rubuta sunayen waɗanda suka aiko irin waɗannan. Galibi jerin gajere ne, shugabanka, mai kula da kuɗi, wataƙila mutum ɗaya daga wajen masu ba da tallafi. In jerinka ya wuce mutum biyar, ka sake tacewa, alama ce ka ɗauki girmamawa a matsayin gaggawa.

Buɗe ƙofar gaggawa kafin ka rufe sauran

Nan ne aikin yake, kuma da baki ake fara shi, ba da waya ba. Mutanen da ke cikin jerin nan ka same su, ko ka kira wanda ke nesa. Da shugaba ba a zuwa da sanarwa, ana zuwa da neman izini, kuma a jingina maganar ga aikinsa. Misali: "Ranka ya daɗe, ina so in riƙa rufe imel da safe don in gama rahotanni a kan lokaci. Zan riƙa dubawa ƙarfe 10, da bayan Azahar, da bayan La'asar. In akwai abin da ba zai jira ba, a kira ni, wayata a buɗe take." Ga abokin aiki kuwa gajere ya isa: "Malam, in na gaggawa ne ka buga mini, in ba haka ba zan gani kafin La'asar."

Ka lura ba a ce "ba zan riƙa duba saƙonku ba". An ba da lokuta uku da hanya ɗaya da ta fi imel sauri. Mafi yawan shugabanni abin da suke so su sani shi ne za su same ka, ba wai ta wace ƙofa ba. Amma alkawarin yana da nauyi: in ka ce a kira, to ka ɗauka. Kira biyu da suka wuce ba a ɗauka ba sun isa su rusa yarjejeniyar.

Akwai shugaban da ba zai kira ba, imel kawai ya sani. Don irinsa ake yin rariya, abin da Gmail ke kira filtre. Ba a yin ta a manhajar waya, sai a kwamfuta. Ka shiga Gmail, ka danna alamar da ke ƙarshen gurbin bincike ta hannun dama, a gurbin mai aikowa ka rubuta adireshin farko, ka sa OR da manyan baƙaƙe, ka rubuta na biyu, haka har ka gama. Ka danna Créer un filtre, ka zaɓi a liƙa wa saƙonninsu laƙabi, ka ƙirƙiri laƙabin ka sa masa suna Gaggawa. Ka haɗa da zaɓin da ke hana a jefa su cikin spam, wato akwatin saƙonnin banza.

Daga nan ka koma wayar Android. Cikin Gmail ka shiga Paramètres, ka zaɓi adireshinka. A wajen Notifications ka bar shi a kan duka saƙonni, sannan ka kashe sanarwar akwatin shigowa ita kaɗai. Ka gangara zuwa Gérer les libellés, ka zaɓi Gaggawa, ka sa ya riƙa ɗauko saƙonnin kwana 30 na baya, ka kunna masa sanarwa. Yanzu wayar ba za ta yi motsi ba sai ɗaya daga mutanen nan ya aiko.

Wuri uku ake tuntuɓe a nan. In ka zaɓi "babu sanarwa ko ɗaya" a saman, laƙabin ma zai yi shiru. In ka kashe ɗauko saƙo ta atomatik don tattalin mega, babu abin da zai iso balle ya yi ƙara. Sannan wayoyi da yawa suna kashe manhajojin da ke aiki a ɓoye don tattalin batir, sai saƙon safe ya yi ƙara da rana; ka shiga saitin batir ka cire Gmail daga waɗanda ake takura wa. Kafin ka dogara da tsarin, ka roƙi ɗaya daga cikinsu ya aiko maka saƙon gwaji, wayar na kulle a aljihu.

Sauran kashe-kashen ba su da wuya. Ka cire ɗigon nan mai nuna akwai sabon saƙo a kan tambarin manhaja. Ka janye tambarin daga fuskar waya zuwa can cikin jerin manhajoji. A kwamfuta ka rufe shafin Gmail gaba ɗaya, don lambar da ke fitowa a kan shafin, (3), (4), ita ma kira ce. Mai amfani da Outlook, manhajar imel ta Microsoft, ya cire ƙara da ƴar tagar da ke leƙowa a kusurwa.

Zama uku

Me ya sa uku? A 2015 Kostadin Kushlev da Elizabeth Dunn na jami'ar British Columbia a Kanada sun wallafa gwajin da suka yi da mutum 124: mako ɗaya an taƙaita musu duba imel zuwa sau uku a rana, ɗaya makon an sake su su duba yadda suka ga dama. A makon taƙaitawa sun ba da rahoton ƙarancin damuwa. Ukun ba wahayi ba ne, amma wurin farawa ne da aka gwada.

Mu a nan muna da abin da ya fi agogon waya: salla ta riga ta yanka mana yini. Abin da aka ɗaura a kan al'adar da ta kafu ya fi zama a kan wanda aka ɗaura a kan ƙarfe kaza. Don haka zama na biyu shi ne da an dawo daga Azahar, na uku da an dawo daga La'asar. Na farko kaɗai ke buƙatar agogo, wajen ƙarfe 10.

Ana yawan jayayya a kan na farkon: me zai hana da an shigo biro? Dalilin shi ne safiya ce jarin ma'aikaci a Damagaram. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, aikin da kai ke yi kafin ƙarfe 10 ba ya sake yin irinsa sai gobe, kuma in kuran ya ɗauke da rana, fanka ta tsaya, batirin kwamfuta ya fara ƙirga kansa, ka ga ranar ta tafi. Wanda ya buɗe imel ƙarfe 8 ya miƙa wannan jarin ga buƙatun wasu. Ka yanke tun jiya da yamma aikin da za ka fara da shi, ka rubuta a takarda, ka bar fayil ɗinsa a fuskar kwamfuta. In aikinka ya dogara da umarnin da kan zo cikin dare, ka yi leƙen minti 3 a laƙabin Gaggawa kawai, a tsaye, ba amsa.

Kowane zama minti 25 zuwa 30, da agogo a kunne. In abokan hulɗarka na waje ne, ka gyara na ƙarshen: Dakar na bayanmu da awa ɗaya, Faransa kuwa daidai muke da ita lokacin sanyinsu, tana gabanmu da awa ɗaya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba. Wato amsar da ka aika ƙarfe 5 na yamma a watan Yuni ta tarar da ƙarfe 6 a Paris, sai gobe.

Ba kowa ne uku za su isa ba. Sakatariyar da aikinta shi ne karɓar wasiƙun ma'aikata, ko mai kula da sayayya ranar da ake rufe karɓar tayin ƴan kwangila, su yi sau ɗaya a kan kowace awa, minti 10. Abin da ake nema dai a ce kai ka sa lokacin, ba yatsa ba.

Abin da ake yi in an zauna

Dokar guda ce: saƙon da ka buɗe ba ya komawa yadda yake. Karanta saƙo a bar shi "sai anjima" shi ke haifar da leƙen gaba, don hankali ya san akwai bashi. Wanda amsarsa ba ta wuce minti 2 ba, a amsa nan take. Wanda ba naka ba ne, a tura wa mai shi da layi ɗaya na bayani. Wanda ke son aiki mai tsawo, a rubuta aikin a littafi da ranar da za a yi shi, a sauke takardar da aka maƙala zuwa cikin kwamfuta, sannan a aika wa mai shi: "Na gani, za ka samu ranar Laraba kafin Azahar." Wannan layin yana hana saƙon tuni biyu da kiran waya ɗaya. Sauran a kai su rumbu, wato archiver. Ba gogewa ba ne, bincike zai fito da su. Abin da aka goge kuwa kwana 30 yake yi a kwandon shara ya ɓace.

Ka fara daga na ƙasa ka hauro, amma in zare ɗaya ne mai amsoshi da yawa, ka karanta na ƙarshe tukuna, sau da yawa an riga an warware maganar.

Wanda ya tara dubban saƙonni kada ya ce zai bi su. Ya rubuta older_than:1m a gurbin bincike, ya zaɓi duka, ya kai rumbu. Wasiƙun labarai da tallace-tallace kuma, duk wanda ya zo a wannan makon a danna masa Se désabonner, muddin ka san inda ya fito. Wanda ba ka sani ba kada ka danna komai a cikinsa, ka jefa shi spam. Saƙonnin da ake sa ka a kwafi kawai, ka yi musu rariyarsu ta daban da za ta tsallake akwatin shigowa, ka duba su sau ɗaya a rana.

Inda tsarin ke yoyo

Ramin da ya fi cin mutane shi ne shiga imel don ɗauko takarda. Ka shiga neman kasafin bara, idonka ya faɗa kan sababbin saƙonni huɗu, bayan minti 20 ka manta abin da ya kawo ka. Shi ya sa aka ce a sauke takardu lokacin zama. Haka in saƙo ya faɗo maka a rai tsakiyar aiki, ka rubuta shi a Word ko a littafi, ka aika in lokaci ya yi. Mai tsohon samfurin Outlook na kwamfuta yana da wata dabara: a shafin Envoi/réception akwai Travailler hors connexion, wanda ke barinka ka karanta tsofaffi ka rubuta sababbi ba tare da wani ya shigo ba. Haɗarinsa mantuwa. Saƙonnin da ka rubuta suna nan jibge a Boîte d'envoi, kana zaton sun tafi, har a kira ka gobe. Ka mai da shi doka, zaman La'asar ba ya ƙarewa sai ka ga akwatin nan fayau.

Sai uzurin reso. "Bari in duba yanzu da intanet ta zo, kada ta tafi." Akwai gaskiya a ciki. Mafita ita ce ka bar waya ta riƙa ɗauko saƙonni da kanta a ɓoye, shiru. In lokacin zama ya yi ko reso ya ɗauke suna ciki, ka karanta ka rubuta amsa, ta fita da kanta in ya dawo. Abin da ba za ka bari sai minti na ƙarshe ba shi ne aika babban fayil. Gmail ba ya ɗaukar maƙalar da ta wuce mega 25, kuma ko mai mega 10 kan maƙale in reso na rawa. Rahoton da wa'adinsa ƙarfe 5 ne, a zaman Azahar ake aika shi.

Na uku, an gudu ba a tsira ba: ka rufe imel, yatsa ya koma WhatsApp. A garin nan ma rabin aikin biro ta can yake bi, da guruf ɗin ma'aikata, da na ƴan ajinku, da na ƴan fada. Dokar ɗaya ce. Ka sa duk guruf a shiru, ka duba na aiki a lokutan zaman nan uku, kuma ka fayyace wa mutane cewa ƙofar gaggawa kira ce, ba saƙon murya ba. In hannu ya ƙi ji, wayar ta shiga aljihun tebur da ƙarar kira a kunne. Nisan taku biyu yana aiki fiye da niyya. Akwai kuma ƙayyade lokacin manhaja a Bien-être numérique na Android ko Temps d'écran na iPhone. Ka ba Gmail ɗin waya minti 30 a rana, in sun ƙare tambarin ya dusashe har tsakar dare. Ba ma ɗora masa nauyi da yawa, don wanda ya matsu zai zaga ta Chrome cikin daƙiƙa goma, amma yana sa mutum ya kama kansa.

Wanda ke jiran amsa guda, ɗalibin jami'ar André Salifou da ya nemi gurbin ƙaro karatu, ko wanda ya ajiye takardun neman aiki a wani proje, nasa leƙen ya fi zafi, har cikin dare. Shi ma rariya ce maganinsa. Maimakon cikakken adireshi, ya sa ƙarshen adireshin hukumar, abin da ke bayan alamar @, don bai san wane ma'aikaci zai rubuto ba. Ya duba spam sau ɗaya a rana, a zaman La'asar, don irin waɗannan amsoshi kan ɓuya a can. In sun faɗi ranar fitar da sakamako, ya rubuta ta a kalanda.

Dare kuma. A Faransa tun 1 ga Janairu 2017 doka ta tilasta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su tattauna haƙƙin ma'aikaci na katse hulɗar aiki bayan tashi. Kai ba sai ka jira doka ba, amma ka sani amsa ɗaya da ka bayar ƙarfe 11 na dare ta koya wa mai aikowa cewa ana samunka a wannan lokacin. In dole ka rubuta bayan Isha'i, ka danna ƴar kibiyar da ke jikin maɓallin aikawa a Gmail na kwamfuta, ka zaɓi Programmer l'envoi, ka sa ƙarfe 8 na safe. Zai tafi ko wayarka a kashe take. Shugabanni su fi kowa kula da wannan, don saƙonsu na dare yana tayar da mutum goma.

Yawan abin da ke shigowa kuma yana bin yawan abin da kake fitarwa. Répondre à tous ga mutum 15 don a ce "na gode" yana jawo wasu na-goden. Maganar da ta kai musaya uku ba ta warware ba, ka tashi ka taka ofishin mutumin ko ka kira shi, sannan ka aika layi biyu na abin da kuka tsayar.

Kwana uku zuwa huɗu na farko za ka ji ƙaiƙayi, musamman daidai lokacin da aiki ya yi tauri, don leƙen mafaka ce daga jimlar da ta ƙi rubutuwa. In ya taso, ka ja kara a takardar nan, ka rubuta kalma ɗaya ta abin da kake tsoron ya zo, ka ci gaba. Ranar Juma'a ta mako na biyu ka ɗauko takardar ka kwatanta da ta kwana biyun farko, ka kuma tambayi mutanen jerin ko akwai abin da ya makara. In akwai, ka duba wa ya aiko shi: in mutum ɗaya ne, ka ƙara adireshinsa a rariya, in daga wurare daban-daban ne kuma duk tsakanin ƙarfe 10 da Azahar, ka ƙara zama na huɗu na minti 10 da ƙarfe 12.